Kunzugun ninƙaya ba ya tsare ruwan pisin

Da zafin Afrilu ya kama Yamai, iyaye kan kwashi yara zuwa pisin na otel, har da ɗan shekara 2 da bai saba da fo ba. A ɗaura masa kunzugun ninƙaya, a ce ai ruwan akwai jabel. Nan ne kuskuren yake.

Kunzugun nan kashi mai tauri kawai yake riƙewa. Fitsari da zawo suna ratsa shi, sauran yara kuma suna kurɓar ruwan suna wasa. Jabel na kashe yawancin ƙwayoyin cuta cikin mintoci, amma Cryptosporidium, mai sa zawo, yana iya wuce kwana 7 da rai a ruwan da aka sa wa magani daidai.

Shi ya sa CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta hana yaran da ke sa kunzugu shiga pisin na manyan jiragen ruwan yawon buɗe ido da take dubawa, sai ƙaramin wurin wasan ruwa da aka keɓe musu, mai matatarsa daban. A ganina dokar ta yi, don zawo na saurin kayar da ƙaramin yaro. A gida, baho da ruwan famfo sabo ya ishe shi.