Fayilolin utmp, wtmp da btmp

Fayilolin utmp, wtmp da btmp rajista ce da kwamfutoci masu aiki da Unix da Linux ke ajiyewa kan masu shiga cikinsu. Utmp na riƙe da waɗanda ke ciki a yanzu. Wtmp na tara tarihin shiga da fita da kunna na'ura da kashe ta. Btmp kuwa na yunƙurin shigar da bai yi nasara ba ne.

Tarihi

Utmp da wtmp sun daɗe ƙwarai, domin utmp na cikin littafin jagorar Unix na farko da aka fitar a Bell Labs ta Amurka a 1971, wtmp kuma ya zo a na biyu a 1972, zamanin da mutane da yawa ke raba kwamfuta ɗaya. Daga baya aka faɗaɗa tsarin zuwa utmpx, wanda POSIX, ƙa'idar bai-ɗaya ta tsarin Unix, ta amince da shi. FreeBSD, ɗaya daga dangin Unix, ta bar tsoffin sunayen tun fitowarta ta 9.0, ta koma utx.active da utx.log.

Dubawa

Ba rubutu ne da ido zai karanta kai tsaye ba. A yawancin kwamfutocin Linux kowane bayani na cin bayit 384. Umarnin who na karanta utmp, last na karanta /var/log/wtmp, lastb kuma btmp. Na ƙarshen sai mai izinin root, wato babban mai kula da na'urar, saboda mutane kan yi kuskure su buga kalmar sirrinsu a gurbin suna.

Masu kula da sabar kan ga kalmar crash a sakamakon last. Tana nufin na'urar ta mutu ba a rufe ta yadda ya kamata ba, kamar idan aka ɗauke wuta kafin janareta ya tashi.

Gyara

Fayil kan lalace idan faifai ya cika ko wuta ta yanke ana tsakar rubutu. Sai a ɗauki kwafi tukuna, a mayar da shi rubutu da utmpdump, wanda ke fitar da kowane bayani a layi guda. Lambar farko ce ke nuna irinsa: 2 kunna na'ura, 7 shigar mutum, 8 fitarsa. A goge layin da ya gurɓace, sannan a mayar da utmpdump -r. Bayan nan a tabbatar fayil ɗin na root ne da rukunin utmp. Idan aka share wtmp gaba ɗaya, rajistar ta tsaya har sai an sake ƙirƙirar sa. A Solaris, wani nau'in Unix, fwtmp da wtmpfix ke wannan aiki.

Da wannan hanyar masu kutse ke share sawunsu, shi ya sa masu bincike ba sa dogara da wtmp shi kaɗai.

Makoma

Gurbin ajiye lokaci a tsohon tsarin zai cika ranar 19 ga Janairu 2038, ba zai iya riƙe lokacin da ya wuce haka daidai ba. Shi ya sa openSUSE da Debian 13, nau'o'in Linux, suka koma wtmpdb mai amfani da rumbun bayanai na SQLite.