Awara da Sankarar Mama: Ku Daina Tsorata Mata

Awara na kawo sankarar mama?

A'a.

To daga ina maganar ta fito?

Daga ɓeraye. Waken suya na ɗauke da sinadaran aisofilabon, wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne jenistin. Suna kama da estrojin, wani sinadari na jikin mace, kuma yawancin sankarar mama da estrojin take girma. A ƙarshen shekarun 1990 masu bincike a Amurka suka dasa wa ɓeraye ƙwayoyin cutar, suka ciyar da su jenistin, ƙarin ya girma. Sai dai jikin ɓera ba ya sarrafa sinadarin kamar namu, taruwa yake yi a jininsa. Ke ɓera ce?

A mutane fa?

A 2009 aka fitar da binciken mata 5,042 masu cutar a birnin Shanghai na ƙasar Sin. Waɗanda suka fi cin waken suya sun fi ƙarancin mutuwa da dawowar ciwon.

Kenan magani ne?

Ban ce ba. Kada wata ta bar asibiti ta koma kaskon awara.

Ina shan tamoxifen, in ci ko in bari?

Nan sai a hankali. Tamoxifen, maganin sankarar mama, toshe wa estrojin wurin zama yake yi a ƙwayar cutar, shi ya sa aka ji tsoron aisofilabon zai yi masa kishiya. A Shanghai ba a ga haka ba: masu shan maganin da marasa sha duk sun amfana. Amma bibiyar abincin mutane aka yi, ba gwaji ba, kuma matan can tun suna yara suke cin waken, ba lallai ne wadda ta fara da girma ta samu daidai da su ba. Awara ko kofin madarar wake sau ɗaya ko biyu a rana, ki kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Kafso da garin aisofilabon na kanti kuwa, ki bar su, an tattara sinadarin fiye da na abinci. Likitanki ya san irin ƙarinki, ki faɗa masa duk abin da kike sha. Ki kuma rage mai wajen suya, ƙiba bayan ɗaukewar al'ada ita ce aka tabbatar tana ƙara haɗari.

Na ji ƙullutu a nonona, in daina awara?

Haba Hajiya! Awara kike tambaya? Yawancin matanmu sai ciwon ya yi nisa suke zuwa. Gobe da safe ki tafi asibiti a duba ki.