Ƙarin nauyi a cikin tagwaye idan cin abinci ya gagara

Ƙarin nauyin mai ciki shi ne bambancin da ke tsakanin nauyinta kafin shigar ciki da nauyinta gab da haihuwa. A ciki akwai jariri da mabiyiya da ruwan da ke kewaye da shi, da mahaifar da ta girma, da ƙarin jini, da nono, da kitsen da jiki ke tanada saboda shayarwa. Mai cikin tagwaye tana buƙatar ƙari fiye da mai ɗauke da ɗa guda, amma kuma ita ce abinci ya fi gagara. Laulayinta ya fi tsanani a farkon ciki, a ƙarshensa kuma mahaifa ta tokare mata tumbi. Lokacin ma gajere ne, domin fiye da rabin tagwaye ana haihuwarsu kafin mako 37, kuma fiye da rabinsu ba sa kai kilo 2.5.

Batun ya fi shafar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, inda aka fi ko'ina yawan haihuwar tagwaye. A duniya baki ɗaya, cikin haihuwa 1,000 ana samun kusan 12 na tagwaye. A Jamhuriyar Benin adadin ya kusa 28, garin Igbo-Ora na jihar Oyo kuwa da tagwaye ya yi suna.

Adadin da ake so

Ma'aunin da likitoci suka fi aiki da shi shi ne wanda Cibiyar Likitanci ta Amurka, IOM, ta fitar a 2009. Ya dogara ne da jikin mace kafin ciki, wanda ake aunawa da lissafin BMI: a ɗauki nauyi a kilo, a raba shi da tsawo a mita har sau biyu. Macen da BMI ɗinta ke tsakanin 18.5 da 24.9 ana so ta ƙara kilo 17 zuwa 25 a cikin tagwaye, alhali da ɗa guda ne kilo 11.5 zuwa 16 ya isa. Mai jiki, wadda ke tsakanin 25 da 29.9, kilo 14 zuwa 23. Wadda ta kai 30 ko fiye, kilo 11 zuwa 19. Siririyar da ba ta kai 18.5 ba, cibiyar ba ta yanke mata adadi ba saboda ƙarancin bincike a lokacin, sai dai ita ce ta fi kowa buƙatar ƙari.

A ɗauki mace mai kilo 55 da tsawon mita 1.6. BMI ɗinta 21.5 ne, don haka ana sa ran sikeli ya nuna kilo 72 zuwa 80 ranar da za ta haihu. Mata da yawa suna jin wannan adadi sai su razana. Daga ciki kuwa kusan kilo biyar jariran ne kawai.

An tsara waɗannan alƙaluma ne daga matan Amurka, kuma cibiyar da kanta ta kira na tagwaye na wucin gadi. Ga kuma matsalar da ma'aikatan awo suka sani sarai: mace ta zo awon farko da ciki wata biyar ko shida, ba ta taɓa hawa sikeli ba kafin nan, balle a san daga inda aka tashi. Shi ya sa a wasu asibitoci da shirye-shiryen agaji ake auna kaurin damtse da tef, wanda ciki ba ya sauya shi sosai. Damtsen da bai kai santimita 23 ba alama ce ta cewa mace ta shiga cikin da rama.

Abin da ya sa farkon ciki ya fi muhimmanci

A cikin ɗa guda, yawancin nauyi yana zuwa ne a watannin ƙarshe. Mai tagwaye ba ta da wannan sararin. Binciken wata masaniyar lafiyar masu ciki a Amurka, Barbara Luke, ya nuna cewa nauyin da uwa ta tara kafin mako 20 zuwa 28 yana da tasiri mai ƙarfi a kan nauyin da tagwayen za su zo da shi. Daga irin wannan bincike ne aka samo ƙa'idar da ake yawan faɗa, wato a ƙara kusan kilo 11 kafin mako 24. Bayan wata uku na farko, mace mai matsakaicin jiki ana so ta riƙa ƙara kusan kilo 0.7 duk mako.

Dalili a fili yake. A rabin farko ne mabiyiya ke ginuwa, jini ke ƙaruwa, kitse ke taruwa. Daga wajen mako 30 zuwa 32 girman tagwaye yana fara ja baya idan aka kwatanta da na ɗa guda, kuma a daidai lokacin ne uwa ke cin loma uku ta ce ta ƙoshi. Watanni na huɗu da na biyar da na shida, lokacin da laulayi ya lafa kuma ciki bai cika wuri ba, su ne damar da ba ta dawowa.

Abin da ke kashe sha'awar abinci

Sinadarin ciki da ake kira hCG ya fi yawa a jinin mai tagwaye, kuma tashin zuciya da amai sun fi yi mata yawa. Laulayi yakan kai ƙololuwa wajen mako na 9, ya sassauta wa yawancin mata a mako 14 zuwa 16. Ƙamshin soya albasa, ko daddawa, ko hayaƙin itace kan isa ya hana mace shiga madafa. Wasu kuma yawu ne ke taruwa musu, su yini da gwangwanin tofi a gefe. Wani sinadarin, furojestaron, yana sassauta hanji da bakin tumbi, abinci ya daɗe bai sauka ba, ga ƙwannafi, ga taurin bayan gida.

Akwai kuma dalilan da ake iya magancewa amma ake ɗora wa laulayi. Ƙarancin jini da kansa yana rage cin abinci, haka zazzaɓin cizon sauro, da ciwon sanyin mafitsara, da damuwa. Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a awo ma tana tayar wa wasu zuciya. Maganin wannan ba jefar da ita ba ne. A gwada shanta da daddare ko bayan an ɗan ci wani abu, in ta ƙi a koma a faɗa wa ma'aikaciyar awo ta sauya tsarin.

Sai tsoro. Ana samun mata masu rage ci da gangan don kada ɗa ya yi girma haihuwa ta yi wuya, wani lokaci ma da shawarar manya. A cikin tagwaye wannan tsoro ba shi da gurbi, domin abin da ake fama da shi ƙanƙanta ne da zuwan bakwaini.

Abinci kaɗan mai nauyi

Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka, ACOG, tana ƙiyasta ƙarin kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa) kusan 300 a rana ga kowane jariri, wato kusan 600 ga mai tagwaye. Macen da tumbinta ba ya ɗaukar malmalar tuwo ba za ta samu wannan ta hanyar ƙara yawa ba, sai ta hanyar zaɓen abin da ke cika wurin. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na hatsi ko sukari kusan 4. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kusan 120. Gyaɗa giram 100 tana da fiye da 550 tare da furotin, wato sinadarin gina jiki, kusan giram 25, riɗi ma haka yake wajen kalori. Ƙwai ɗaya yana da kusan 75.

Kofin koko tsararo da kofin kunun gyaɗa mai kauri wuri ɗaya suke ci a tumbi. Na farkon yawancinsa ruwa ne. Na biyun, idan aka zuba masa madara, ya kusa zama abinci sosai. Haka fura da kindirmo, da ɗanwake da mai da ƙwai, da alale, da ƙosai, da awara, da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, da dabino, da kantun riɗi. Babu ɗaya a cikinsu da sai an je kantin zamani. Idan ƙamshin girki ne matsalar, abu mai sanyi ko wanda wani ya dafa ya huce ya fi shiga.

Tsarin ci ma yana sauyawa. Maimakon sau uku, a ci sau shida ko fiye, duk bayan awa biyu zuwa uku, bisa agogo, domin mai laulayi in ta ce sai ta ji yunwa, rana za ta faɗi ba ta ji ba, kuma tumbin da babu komai ya fi tayar da zuciya. Ana ajiye busasshen abu kamar biskit ko ƙuli-ƙuli a gefen gado a ci kafin a miƙe da safe. Ruwa a sha shi tsakanin abinci, ba a kansa ba. Mai ƙwannafi kada ta kwanta da ta gama ci, ta kuma rage yaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci citta da bitamin B6 cikin abubuwan da ke rage tashin zuciya a farkon ciki. Hukumar ta kuma ba da shawarar shan sinadarin ƙarfe, wanda ke cikin ƙwayar ƙarin jini, miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikirogiram 400 kullum, likita kuma kan ƙara wa mai tagwaye idan awon jini ya nuna buƙata.

Azumin Ramadan yana da wuya ya dace da wannan tsari, kuma shari'a ta yi wa mai ciki rangwamen ajiye shi idan tana jin tsoro ga kanta ko abin da ke cikinta.

Wasu abubuwan suna cika wuri a banza ko su cutar. Farar ƙasa da wasu masu ciki ke kwaɗayi tana toshe ciki, kuma sau da yawa kwaɗayin nata alamar ƙarancin jini ne. Shayi a kan abinci yana rage shigar sinadarin ƙarfe. Lemon kwalba yana kashe yunwa ba tare da gina komai ba. Nonon da ba a tafasa ba yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta masu haɗari ga ciki. Hanta tana da bitamin A mai yawan gaske, don haka ba a son yawaita ta. Mafi muni su ne ƙwayoyin ƙiba na kasuwa, irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Wasunsu suna ɗauke da dezametazon, wanda ke tara ruwa a jiki, ya ɗaga sukari da hawan jini.

Lokacin da abin ya wuce gida

Idan amai ya kai mace ba ta riƙe ko ruwa na tsawon yini, fitsari ya ragu ya yi duhu, jiri na ɗibarta, ko ta rasa fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinta (kusan kilo uku ga mai kilo 55), to ya zama matsanancin laulayi, wanda ya fi yawa a cikin tagwaye. Ana magance shi a asibiti da ƙarin ruwa da maganin tsayar da amai da bitamin B1. Haka idan sikeli ya tsaya cak a awo biyu a jere bayan wata na huɗu, ana duba jini da fitsari, a kuma yi hoton ciki a ga girman kowane jariri, domin nauyin uwa ba ya nuna yadda aka raba abincin tsakanin Hassan da Husaini.

Ba kowane hawan sikeli ne abin murna ba. Ƙarin kilo biyu cikin mako guda tare da kumburin fuska da hannu, ko ciwon kai, ko gani dishi-dishi, yana iya zama hawan jinin ciki da ke kai ga jijjiga, kuma mai tagwaye ta fi shiga haɗarinsa. Ciki ya yi girma farat ɗaya ya yi tauri har numfashi na wuya, musamman a tagwayen da suke mabiyiya ɗaya, yana iya nufin ruwa ya taru wa ɗayansu fiye da kima. Duka biyun ana zuwa asibiti ne a ranar, ba a jiran ranar awo.