Gwajin Saurin Intanet na Wayar Salula

Gwajin saurin intanet na wayar salula hanya ce ta auna yawan bayanan da ke iya wucewa cikin daƙiƙa ɗaya tsakanin waya, ko rawuta (na'urar raba intanet) mai ɗaukar sim, da wata babbar kwamfuta da ake kira saba. Ana ba da sakamakon ne da megabit a daƙiƙa, wanda ake taƙaitawa Mbps. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, domin datar da ake saye da megabayit ake lissafa ta, kuma bit takwas ne ke yin bayit ɗaya. Layin da ya nuna 8 Mbps, megabayit ɗaya kacal yake saukewa a daƙiƙa.

Abin da ake aunawa

Abu uku gwajin ke fitarwa: saurin saukewa, saurin ɗorawa, da jinkiri. Jinkiri shi ne lokacin da saƙo ke ɗauka ya je saba ya dawo, ana ƙidaya shi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Shi aka fi rainawa, alhali shi ke sa murya ta riƙa makara a kiran WhatsApp ko da saukewa na gudu.

Fitattun manhajojin gwaji su ne Speedtest na kamfanin Ookla, wanda ya fara a 2006, da Fast.com da Netflix ya fitar a 2016. Manhajar takan turo bayanai na ƴan daƙiƙoƙi har layin ya cika, sannan ta yi lissafi. Saboda haka gwajin kansa yana cin data: daƙiƙa 10 a kan layi mai 100 Mbps na iya lashe megabayit 125.

Gwaji ɗaya bai isa shaida ba. Sai a kashe Wi-Fi da VPN (manhajar da ke bi da bayanai ta wata saba daban), a dakatar da duk abin da ke saukewa, a maimaita gwajin da asuba, da rana, da kuma bayan isha'i, a wuri ɗaya kuma da saba ɗaya.

Dalilan rashin sauri

Harafin da ke saman fuskar waya ne farkon abin dubawa. E na nufin 2G, H ko H+ na nufin 3G, sai LTE ko 4G, wanda aka fara sayar wa jama'a a biranen Stockholm da Oslo a watan Disambar 2009. A Najeriya, hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon zangon 5G, wato mitar rediyon da sigina ke bi, a Disambar 2021, MTN ya fara aiki da 5G a 2022, Airtel a 2023. Tsarin intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin 25 Mbps a birane, 10 Mbps a karkara.

Sai dai cikar layukan sabis ba ta nufin sauri. Layukan ƙarfin sigina kawai suke nunawa, kuma kowane kamfanin ƙera waya da yadda yake zana nasa. Ma'aunin da ya fi aminci shi ne dBm, lambar ƙarfin sigina da ke cikin saitin waya: a 4G, kusan -80 sigina ce mai ƙarfi, -110 zuwa ƙasa kuwa mai rauni ce. Ko da siginar ta cika, turken sadarwa rijiyar unguwa ce, kowa a nan yake jan ruwa. Shi ya sa wayar da ke gudu da asuba take rarrafe da dare, ko ranar kasuwa, ko a filin idi. Idan gwajin asuba ya yi kyau na dare ya lalace, cunkoso ne, kuma babu saitin da zai gyara shi.

Wani lokacin matsalar tana can bayan turken: an tsinke igiyar fayiba wajen aikin hanya, ko janareta ya mutu. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu, wato WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta tsuke a ƙasashe da dama. Akwai kuma tsarin datar da ake cewa ba ta da iyaka, wanda kamfani kan rage wa gudu da gangan in an wuce wani adadi.

Gyara

Rauni na sigina ne ya fi karɓar magani. Kankare da rufin kwano suna tare ta, don haka matsar da rawuta bakin taga, ko ɗaga ta sama, kan sauya sakamakon gwaji nan take. Zango mai ƙaramar lamba, irin su megahaz 700 da 800, ya fi nisa da ratsa bango. Na 2600 da 3500 ya fi ɗaukar kaya amma ba ya nisa. Inda turke ya yi nisa, eriyar waje da aka saita ta fuskanci turken ta fi komai amfani.

Kunna saitin jirgin sama a kashe shi kan sa waya ta sake neman turke. Tsohon sim da bai ɗaukar 4G sai an sauya shi a ofishin kamfani, kuma ya kamata a duba saitin APN, wato adireshin da waya ke bi ta shiga intanet ɗin kamfanin. Na'urar ƙara sigina da ake sayarwa a kasuwa kuwa tana iya dagula sabis ɗin maƙwabta, shi ya sa hukumomin sadarwa, har da NCC, suka hana kafa ta ba tare da izini ba. Inda cunkoso ne ya yi katutu, abin da ya rage shi ne gwada sim ɗin wani kamfani a daidai wurin da kuma daidai lokacin.