Kremlin ta Mosko da Coci-cocinta

Kremlin tsohuwar fada ce mai ganuwa a tsakiyar birnin Mosko na ƙasar Rasha, a kan tudu gefen kogin Moskva. Mafi yawanmu a labarai muke jin sunan, "fadar Kremlin ta ce", amma wurin ya wuce ofishin shugaban ƙasa, ciki akwai coci-coci da gidajen tarihi da kowa zai iya yankar tikiti ya shiga. UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1990.

Tarihi

Shingen farko na katako ne, ana cewa wajajen 1156 aka kafa shi. Sarkin Mosko Dmitry Donskoy ya mayar da shi na farin dutse kusan 1367. Ganuwar jan bulon da ake gani yau kuwa sarki Ivan na Uku ne ya ɗauko magina daga Italiya suka gina tsakanin 1485 da 1495, tsawonta ya ɗan haura kilomita biyu, da hasumiya 20. A 1812 sojojin Napoleon sun zauna ciki, suka kwashe zinariya da azurfa na coci, da za su fita kuma suka tarwatsa wasu sassan ganuwar. A 1918 gwamnatin Sobiyet ta tare a nan, aka daina ibada, aka rushe wasu tsofaffin gidajen ibada, jama'a ba su samu shiga ba sai 1955.

Dandalin coci-coci

Nan ne fa ya kamata mai ziyara ya ɗau lokaci. Babbar cikinsu ita ce Uspensky mai ƙubba biyar ta ruwan zinariya, wadda magini ɗan Italiya Aristotele Fioravanti ya kammala a 1479 bayan ginin da aka fara ya rufta a 1474. A cikinta ake naɗin sarauta tun daga Ivan na Huɗu a 1547 har zuwa Nikolai na Biyu a 1896, ko da aka mayar da babban birni Sankt Petersburg nan dai ake dawowa a yi naɗi. In ka shiga ba za ka ga bango tsirara ba, zane ne tun daga ƙasa har rufi har da jikin ginshiƙai, ga ɗan duhu-duhu, sai ka ji mutane sun rage murya da kansu.

Arkhangelsky, ginin 1505 zuwa 1508, kushewar sarakuna ce, kaburbura jere a cikinta, har da na Ivan na Huɗu. Blagoveshchensky kuma ƙarama ce mai ƙubba tara, ta iyalan gidan sarauta. Ana jingina wasu zanenta ga mai zane Andrei Rublev, masana dai ba su yi ittifaƙi ba.

Hasumiyar ƙararrawa da ake kira Ivan Babba tsayinta mita 81 ne. A gindinta ga wata ƙatuwar ƙararrawa mai nauyin kusan tan 200 da ba ta taɓa kaɗawa ba, gobarar 1737 ta fasa ta tun tana ramin da aka zuba ta, ɓallin da ya fita yana nan jingine a gefenta, shi kaɗai ya fi tan 11. Gaba kaɗan akwai igwar tagulla ta 1586.

Ziyara

Ana sayen tikiti a lambun Aleksandrovsky, a shiga ta hasumiyar Kutafya bayan bincike. Ranar Alhamis a rufe take. Ba a ɗaukar hoto cikin coci-cocin, gidan tarihin da ake kira gidan makamai kuma tikitinsa daban. Cocin nan mai ƙubbobi kala-kala da ake yawan gani a hoto, Sent Basil, tana wajen ganuwa ne a Jan Dandali.