Kotu da gurɓatar muhalli daga haƙar yashi da fasa dutse a Legas

Sa idon kotu kan gurɓatar muhalli daga haƙar ma'adinai shi ne ikon da alƙalai suke da shi na sauraron ƙara, da tsayar da aiki, da yanke diyya ko tara, idan haƙa ko fasa dutse ta ɓata iska, ruwa ko ƙasar jama'a.

Legas ba garin duwatsu ba ne. Ƙasarta yashi ce da fadama, shi ya sa tsakuwar da ake gini da ita a Lekki ko Ikeja akasari daga jihohin Ogun da Oyo take zuwa, inda ake fasa dutse da nakiya a niƙa shi da inji. Abin da Legas take haƙa da kanta shi ne yashi, wanda ake zuƙowa daga ƙarƙashin ruwa a wurare irin su Ajah, Ikorodu, Epe da Badagry. Zuƙar yashi tana dagula ruwa, ta kori kifi, ta cinye gaɓa. Ƙurar dutse kuwa, idan mutum ya shekara da shekaru yana shaƙa, takan daskarar da huhu, cutar da likitoci suke kira silikosis, kuma ba ta warkewa. Direban tifa da lebura mai lodi, waɗanda akwai 'yan Arewa mazauna Agege da Mile 12 a cikinsu, suna sahun gaba wajen shaƙarta.

Tsarin Mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinan ƙasa a sashe na 44(3), sannan sashe na 251 ya ba Babbar Kotun Tarayya ita kaɗai hurumin shari'ar ma'adinai. A Legas tana zama a Ikoyi. Sashe na 20 ya ɗora wa gwamnati kare muhalli, sai dai yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana a kai ƙara a kansa kai tsaye. Saboda haka lauyoyi sukan bi ta wasu ƙofofi: dokar tantance illar aiki ga muhalli ta 1992, dokar ma'adinai ta 2007, da ƙa'idojin fasa dutse na 2013 da hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, take aiwatarwa. Jihar tana da tata hukumar, LASEPA, tun 1996.

Tambayar farko a irin wannan shari'a ita ce wa ya isa ya kai ƙara. A da, idan ɓarna ta shafi jama'a baki ɗaya, sai da hannun Antoni Janar. Kotun Ƙoli ta sassauta wannan a 1991, a ƙarar da mazauna rukunin gidajen Ire-Akari da ke Isolo suka kai wani kamfanin tireloli kan hayaniya da tare hanya: ta ce talaka ma yana iya zuwa da kansa. A 2018 ta ƙara buɗe ƙofa a shari'ar da wata ƙungiya ta yi da NNPC kan malalar mai, inda ta yarda ƙungiya mai zaman kanta ta tsaya wa muhalli. Babu dutse ko yashi a cikin shari'o'in nan biyu, amma su ne madogarar mai ƙarar ƙura a yau.

Shari'ar da ta fi taɓa masu yashi a Legas ba a kan gurɓata aka yi ta ba, a kan kuɗi ce. Ƙungiyar masu haƙar yashi da ta masu jiragen ruwa sun gaji da biyan haraji biyu, na NIWA, hukumar tarayya mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, da na jiha, suka roƙi kotu ta faɗa musu wa za su bi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba jihar gaskiya a 2017, Kotun Ƙoli ta juya hukuncin a Janairun 2024, ta mayar da iko hannun tarayya. An kwashe fiye da shekara goma ana wannan ja-in-ja, injinan kuwa ba su huta ba.

Ko an shiga kotu, hujja ce gagarabadau. Mai ƙara ne zai nuna cewa tsagewar bangonsa daga nakiyar wancan kamfani ta zo, ko tarin ɗansa daga ƙurarsa ne, ba hayaƙin janareta ko hazon hunturu ba. Wannan sai da injiniya, da likita, da gwajin iska, duka da kuɗi. Kamfani kuma yakan fara da ƙalubalantar hurumin kotun, abin da shi kaɗai yakan ci shekaru. Don haka unguwanni da yawa sukan kai kuka wurin Baale, wato mai unguwa na Yarbawa, ko Sarkin Hausawa, ko su rubuta wa LASEPA takarda, wadda takan rufe wurin aiki ba tare da an je gaban alƙali ba.