Waiwaye: Yadda sikeli ya shiga kokawar 'yan sakandare a Amurka

Kafin ɗan sakandare a Amurka ya taka katifar kokawa, sai ya fara hawa sikeli. Awa ɗaya kafin karawar makaranta da makaranta, ko awa biyu kafin babbar gasa, yara kan yi layi a gaban alƙalin wasa ana auna su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya haura nauyin rukuninsa, ko da ƙiris ne, ba shi ba kokawa a wannan rukunin ranar. Mu da muka saba da kokawar dandali bayan kaka, inda makaɗi ke kiran gwani ya fito ba tare da wani ya ɗauko ma'auni ba, abin zai zo mana a baƙo. Can kuwa an kasa 'yan kokawa kashi-kashi. A tsarin maza mai rukuni 14, ana farawa daga laba 106, wato kusan kilo 48, a ƙare a laba 285, kusan kilo 129.

Manufar rabon mai kyau ce: kada a haɗa ƙaramin yaro da ƙato. Sai dai ta haifi wata muguwar al'ada. Kowace makaranta mutum ɗaya take fitarwa a kowane rukuni, don haka yaron da wani ya fi shi ƙarfi a rukuninsa yakan nemi gurbi a na ƙasa. Wani kuma lissafinsa shi ne ya matse ruwan jikinsa ya hau sikeli da sauƙi, bayan awo ya sha ya ci ya koma girmansa, ya fuskanci wanda bai kai shi ba. Hanyoyin da ake bi sanannu ne: a yini ba ci ba sha, a sa rigar roba a yi ta gudu a ɗaki mai zafi, a sha maganin sa fitsari ko na wanke ciki, wasu har su yini suna tofar da yawu a kofi. Yara ne fa masu shekara 14 zuwa 18, waɗanda ƙashinsu bai gama girma ba.

Likitoci ba su yi shiru ba. A 1970 wani masanin motsa jiki, Charles Tipton, da abokin aikinsa suka fitar da binciken da suka yi kan 'yan kokawar sakandare a jihar Iowa, wanda ya nuna yadda yara ke zubar da nauyi mai yawa cikin 'yan kwanaki kafin awo. A 1976 ƙungiyar masana lafiyar wasanni ta Amurka, ACSM, ta fitar da matsaya tana gargaɗi a kan wannan ɗabi'a, ta kuma sabunta ta a 1996. Amma gargaɗi ba doka ba ne, kuma masu horarwa da yawa su ma ta wannan hanya suka bi suna yara, suna ganin juriyar yunwa da ƙishirwa wani ɓangare ne na jarunta.

Jihar Wisconsin ce ta fara ɗaukar mataki na gaske. A 1989 hukumar wasannin makarantunta ta soma gwada wani tsari, a 1991 ta wajabta shi: a auna kaurin kitsen da ke ƙarƙashin fatar yaro, a lissafa mafi ƙarancin nauyin da zai iya sauka ba tare da kitsen jikinsa ya gaza kashi 7 cikin 100 ba, a hana shi yin kokawa a ƙasa da nan. Yawancin jihohi suka zuba ido.

Sai ga ƙarshen shekarar 1997. Daga 7 ga Nuwamba zuwa 9 ga Disamba, ɗaliban jami'a uku 'yan kokawa suka rasu suna ƙoƙarin rage nauyi kafin awo: ɗaya a jami'ar Campbell da ke North Carolina, ɗaya a jami'ar Wisconsin ta La Crosse, ɗaya a jami'ar Michigan. Shekarunsu 19, 22 da 21, kuma dukkansu lafiyayyu ne kafin nan. Rahoton hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ya nuna hanya ɗaya suka bi: ƙauracewa abinci da ruwa, sa tufafin da ba ya barin zufa ta bushe, da motsa jiki mai tsanani a wuri mai zafi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ɗaya daga cikinsu ya rasu a jihar da ta riga ta san maganin matsalar, amma dokarta ta tsaya ga 'yan sakandare, ba ta kai jami'a ba.

A Janairun 1998, ana tsakiyar kakar wasa, hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta haramta rigar roba da ɗakin turiri da maganin sa fitsari, ta kuma matso da lokacin awo kusa da karawa. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne tasiri a ganina. Idan an auna ka jiya, kana da dare guda ka mayar da ruwan jikinka. Idan awa ɗaya ce tsakanin sikeli da katifa, wanda ya bushe kansa zai shiga fili jiri na ɗibarsa.

Makarantun sakandare sun ɗauki ƙarin shekaru kafin su haɗu a kan tsari ɗaya. Sai a kakar 2006 zuwa 2007 ƙungiyar NFHS, mai rubuta dokokin wasannin sakandare na ƙasar, ta wajabta wa jihohin da ke bin dokokinta tsarin kula da nauyi. Ga yadda yake tafiya. Kafin yaro ya yi karawar farko, ana gwada fitsarinsa don a tabbatar akwai isasshen ruwa a jikinsa. Kaurin fitsarin, wato nauyinsa idan aka kwatanta shi da na ruwa zalla, bai kamata ya wuce 1.025 ba. Idan ya wuce, sai ya koma ya dawo wata rana, ba za a auna shi a bushe ba. Idan ya tsallake, a auna nauyinsa da kitsensa, a fitar masa da iyakar kitsen da ba zai gaza ba: kashi 7 cikin 100 ga namiji, kashi 12 ga mace. Ko zuwa wannan iyakar ma ba a yarda ya faɗa lokaci guda ba, sai dai ya riƙa sauka da abin da bai wuce kashi 1.5 cikin 100 na nauyinsa a mako ba. Yaro mai laba 150 ke nan ba zai rage fiye da laba 2 da kwata a mako ba, wajen kilo ɗaya. Wanda kuwa haka Allah ya yi shi, kitsensa bai kai iyakar ba tun asali, sai ya kawo takardar likita, kuma ba za a bar shi ya ƙara sauka ba.

Ranar awo ma tana da ƙa'idojinta. Da zarar an fara, ba a barin yaro ya fita ya je ya yi gudu ko amai ya dawo. Idan gasa ta ɗauki kwanaki a jere, ana ƙara laba ɗaya a kowace rana, kada ya wuce biyu. Jihohi kuma na da damar ƙara laba 2 a kowane rukuni idan kakar wasa ta yi nisa, saboda yara na girma. A da ana auna yara kusan tsirara. Daga kakar 2020 zuwa 2021 aka koma aunawa da kayan wasa, abin da ya zo daidai da yawaitar 'yan mata a kokawar.

Duk da haka akwai ɓaraka, kuma ba ƙarama ba ce. Gwajin fitsari sau ɗaya ake yin sa, a farkon kaka, wajen Oktoba ko Nuwamba, alhali kokawa na ci gaba har Fabrairu ko Maris. Tsakanin nan babu mai duba ko da ruwa a jiki yaro ya hau sikelin ranar Asabar, ko kuwa tun daren Alhamis rabonsa da sha. Shi ya sa wasu masu horarwa da likitoci ke ba da shawarar a kai sikelin bakin katifa, a auna yaro daf da lokacin da za a kira sunansa, yadda ba zai sami ko minti goma na mayar da abin da ya matse ba. Ina tare da su a kan wannan.